Kuɗin ritaya: wane kamfani ya fi sauƙin caji, wane ne kuma ba zai wahalar da kai ranar karɓa ba?

Wani ɗan'uwa mai fataucin albasa daga Garwa zuwa Duwala ya aiko da tambaya. Shekararsa 40, ba ya aikin albashi, kuma yana ganin zai iya ware sefa 25,000 kowane wata saboda tsufa. Wakilan kamfanonin inshorar rai guda biyu sun same shi a rumfa. Na farko ya ce ana cire kashi 5 cikin 100 daga duk abin da ya zuba, sannan rabin kashi ɗaya a shekara daga abin da ya taru. Na biyu ya ce su kashi 1 kacal suke cirewa wajen zubi, amma da yaronsa ya karanta masa takardar sai ga wani kashi 1.5 na shekara-shekara da ba a ambata da baki ba. Yana so ya san wanne ya fi araha, kuma ta yaya zai gane wanda zai riƙe shi da mutunci.

Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kafin in ce komai bari ka san da wanda kake magana. Na yi shekaru ina lissafin albashi da cike takardun CNPS, hukumar fansho ta Kamaru, a wani kamfanin sufuri a nan Garwa, daga baya na koma dillancin inshora. Ni ma da kamasho na ci abinci, don haka na san abin da wakili yake faɗa da ƙarfi da abin da yake haɗiyewa.

Mu fara da lissafin naka, tunda shi ya kawo ka. Jaka 25 a wata sefa 300,000 ke nan a shekara. Don sauƙi na ɗauka kana zuba kuɗin shekara gaba ɗaya a farkonta, na kuma ɗauka duka kamfanonin biyu suna samar wa kuɗin kashi 4.5 kafin su cire nasu. Wannan adadi misali ne nawa, ba alkawarin kowa ba. A kamfani na farko 285,000 ce ke shiga asusunka, tana ƙaruwa da kashi 4. A na biyu 297,000 ce ke shiga, tana ƙaruwa da kashi 3. Bayan shekara 5 na biyu ne a gaba, yana da kusan 1,624,000, na farko yana da kusan 1,605,000. A shekara ta 7 sun kusa yin kunnen doki. A ta 8 na farko ya wuce, kuma daga nan bai sake waiwayowa ba. Ranar da ka cika 60, bayan ka zuba miliyan 6 daga aljihunka, na farko zai miƙa maka kusan 8,826,000, na biyu kusan 8,220,000. Tazarar ta haura 600,000, zubin shekara biyu cur.

Dalilin ba boyayye ba ne. Cajin shiga sau ɗaya yake cizon kowace jaka. Cajin shekara kuwa yana komawa kan jakar da ka zuba bana, ya koma mata baɗi, ya koma mata baɗin baɗaɗa, har shekara ashirin, kuma kullum tarin girma yake yi. Kamar bambancin la'adar da dillali ya karɓa ranar da aka sauke buhu ne da kuɗin sito da ake biya duk wata muddin buhun yana ajiye. Kai da ke ajiye albasa ka fi ni sanin wanda ya fi cin riba idan kaya suka daɗe.

To amma da a ce nan maganar ta tsaya, da ban tsawaita ba. Waɗannan caji biyu su ne aka nuna maka, ba su ne duka ba. Akwai kuɗin buɗe fayil da ake karɓa sau ɗaya. Akwai ɗan kason da wasu ke yanka daga zubinka don kariyar mutuwa, wato idan ka rasu kafin wa'adi a ba iyalinka wani adadi. Wannan ba laifi ba ne, yana ma da amfani, amma ba tanadi ba ne, kuɗin da ya tafi can ya tafi. Akwai tarar cire kuɗi kafin lokaci. Sannan akwai wanda ya fi ɓata mini rai: yarjejeniyar da ake kwashe kamashon wakili na shekaru masu yawa daga zubin shekarar farko da ta biyu. A baki za a ce maka caji kaɗan ne, kuma idan ka raba shi a kan shekara ashirin gaskiya ne kaɗan ne, sai dai an riga an karɓe shi tun kana bakin ƙofa.

Ba sai ka zama akanta ba kafin ka kama duk waɗannan. Kamfanonin inshora na Kamaru da Chadi da Nijar da wasu ƙasashe 11 suna ƙarƙashin doka ɗaya, dokar CIMA, wadda aka sanya hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, hedikwatarta kuma tana Libreville. Wannan doka ta wajabta wa kamfani ya rubuta a takardar yarjejeniya nawa zai mayar maka idan ka ce ka fasa a ƙarshen kowace shekara, aƙalla na shekaru takwas na farko. A takardar za ka ga an rubuta valeurs de rachat, da ɗan jadawali a ƙarƙashi. Nemi wannan jadawalin daga wakilan biyu, a lissafa shi a kan jaka 25 ɗinka, ba a kan wani misalin ofis ba. Ka shimfiɗa su gefe da gefe a kan benci, ka sa yatsa a shekara ta 3: ka zuba 900,000, nawa kowanne zai ba ka? Ka gangara ta 5, ka gangara ta 8. Duk wani cajin da aka ɓoye, ko da wane suna aka raɗa masa, a wannan jadawali yake fitowa fili. Wakilin da ya ce jadawalin sai bayan ka sa hannu ka biya, cinikin biri a sama yake so ka yi da shi. Ka sallame shi cikin mutunci.

Dokar ta kuma sa wa tarar fita iyaka. Ba za ta wuce kashi 5 cikin 100 na abin da aka tara maka ba, kuma bayan shekara goma babu tara ko ta sisi. Idan ka nemi kuɗinka, kamfani yana da wata biyu ya biya. Amma ga ramin da 'yan kasuwa irinka suka fi faɗawa. A yarjejeniyar da ta ɗaure ka da zubi na wata-wata, kamfani ba dole ba ne ya mayar maka da komai sai ka biya zubin shekara biyu, ko kashi 15 cikin 100 na jimillar abin da aka yi alkawari. Kamfanin ba zai kai ka kotu don ka daina zubi ba, doka ba ta ba shi wannan dama ba. Wasiƙa zai aiko, ya jira kwana 40, sannan ko ya rage yarjejeniyar zuwa daidai abin da ka tara, ko ya soke ta idan ba ka kai wancan mizani ba. Ka tuna sana'arka. Akwai watan da kuɗi ke shigowa har ka rasa inda za ka sa, akwai watan da mota za ta lalace a hawan dutsen nan kafin Gaundare, ta kwana huɗu, albasa ta fara ruwa, ka dawo gida da bashin direba. Mai irin wannan samu bai kamata ya ɗaure wuyansa da zubin dole ba. Ka tambayi kowane wakili ko suna da tsarin zubin ganin dama, abin da suke kira versements libres, inda za ka zuba 200,000 lokacin da albasa ta yi daraja, ka huta wata uku ba wanda ya aiko maka wasiƙa. A wurina wannan ya fi ragin kashi ɗaya ko biyu na cajin shiga muhimmanci nesa ba kusa ba.

Na san ɗayansu, ko duka biyun, ya ce maka "kashi 3.5 tabbas". Wannan ba kyautar kamfaninsa ba ce, ita ce iyakar da dokar CIMA ta yarda a yi wa mutum alkawari, shi ya sa kusan kowa ita yake faɗa. Kuma ba a kan abin da ka fitar daga aljihu ake lissafa ta ba, a kan abin da ya rage ne bayan an cire caji. Ka ba da 25,000, an cire kashi 5, saura 23,750. Ƙarin shekara guda a kai sefa 831 ne. Shekara ta zagayo kana da 24,581, ba ka ma dawo da jakarka 25 ba tukuna. Inda kamfanoni suka bambanta da gaske shi ne rabon ribar da ke zuwa a kan wancan alkawari. Doka ta ce a sa aƙalla kashi 85 cikin 100 na ribar da aka samu daga juya kuɗin a lissafin masu zubi. Don haka tambayar da za ka yi ita ce: a shekaru biyar da suka wuce, kashi nawa kuka zuba wa masu irin wannan yarjejeniya kowace shekara, bayan cire caji? A rubuta maka, a buga hatimi. Wanda yake da abin nunawa da gudu zai kawo.

Kada kuma ka manta da ɓarawon da ba ya cikin kowace takarda. A Kamaru farashin kaya ya tashi da kashi 6.3 a 2022, ya tashi da kashi 7.4 a 2023. A irin waɗannan shekaru, kuɗin da ya ƙaru da kashi 3 ko 4 raguwa ya yi idan ka auna shi da buhun masara. Dattawanmu da suka ga Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ba sa buƙatar a yi musu bayani. Ba ina hana ka ba ne. Ina so ka san miliyan 8 na shekara ashirin masu zuwa ba miliyan 8 na yau ba ne, saboda haka filin da ka saya a bayan gari da shanun da ke hannun makiyayi kada ka sayar da su don ka cika wa kamfani zubi.

Yanzu ga abin da wakilan nan biyu ba su gaya maka ba, don babu kamasho a cikinsa. Tun 2014 CNPS ta buɗe ƙofa ga wanda ba ya aikin albashi, ɗan kasuwa da tela da mai babur da manomi, ya yi rajista da kansa. Sunan tsarin assurance volontaire. Kai za ka faɗi abin da kake samu a wata, ka biya kashi 8.4 cikin 100 na wannan adadi, daidai da abin da ma'aikaci da ubangidansa suke haɗawa, 4.2 daga kowanne. Iyakar abin da ake lissafi a kai 750,000 ne a wata. Sharuɗɗan samun fansho su ne ka kai shekara 60, rajistarka ta kai shekara 20, ka biya wata 180, kuma 60 daga cikinsu su faɗo a shekaru goma na ƙarshe. Ka sake karanta sharaɗin shekara 20 ɗin nan, sannan ka tuna shekarunka. Kai bana ce taka. Duk shekarar da ka jinkirta rajista, fanshonka ka tura gaba.

Ga yadda lissafin yake. Ka ce samunka 100,000 ne, za ka riƙa biyan 8,400. Fansho yana farawa daga kashi 30 cikin 100 na matsakaicin samunka na shekaru uku ko biyar na ƙarshe, wanda ya fi maka, kuma duk shekarar da ka ƙara a kan wata 180 ana ƙara kashi 1. Idan ka biya shekara 20 ba fashi, kashi 35 ke nan, sefa 35,000 a wata har iyakar rayuwarka. Jimillar abin da ka zuba 2,016,000. Kafin ka cika shekara biyar da fara karɓa ka cinye shi, kuma biya bai tsaya ba. Idan ka rasu, matarka tana da rabin fanshon, idan mata biyu ne ko fiye su raba rabin a tsakaninsu, yara ƙanana ma suna da kasonsu. Babu kamfanin da zai sayar maka da irin wannan a wannan farashi, domin CNPS ba ajiya take yi maka ba, zubin ma'aikatan yau take biyan tsofaffin yau da shi.

Ita ma tana da nata. Ba asusu ba ce da za ka fasa ranar da jari ya karye, kuɗin da ya shiga sai tsufa, ko nakasa, ko mutuwa. Idan ba ka kai wata 180 ba, dunƙulen kuɗi za a ba ka sau ɗaya a sallame ka. Adadin fanshon ba ya bin farashin kasuwa da kansa, kuma gwamnati tana iya sauya ƙa'ida, kamar yadda ta ɗaga kaso da iyaka a 2016. Duk da haka da ƙanena ne ya tambaye ni, da CNPS zan ce ya fara, sannan abin da ya rage na jaka 25 ɗin, kusan 16,600, shi za a yi wa cinikin kamfani.

Mu koma rabin tambayarka na biyu, wanda mutane suka fi rainawa kuma shi ya fi sa su kuka. Kowane kamfani yana da fara'a ranar karɓar kuɗinka. Wakili zai zo rumfa, ya cire takalmi, ya sha shayi, ya tambayi lafiyar yara da sunansu. Wannan ba ita ce kulawa ba, talla ce. Kulawa ita ce abin da zai faru ranar da kai, ko matarka tana cikin takaba, kuka je neman kuɗin, alhali wakilin nan ya bar aikin shekara goma sha biyu da suka wuce ya koma sayar da waya.

Abu na farko, ka je ofishin da ƙafarka. A dokar CIMA kamfani ɗaya ba ya haɗa inshorar rai da inshorar mota da gobara, dole su zama kamfanoni biyu ko da sunansu da tambarinsu ɗaya ne. Sau da yawa ofishin da kake gani a bakin titi a Garwa ko Marwa na masu inshorar mota ne, na rai kuwa tebur ɗaya gare su a lungu, ko ma babu, komai sai an aika Duwala. Ka shiga ka ce kai mai zubi ne kana so ka cire wani ɓangare na kuɗinka, wace takarda ake bukata, wa ke sa hannu, a ina, kwana nawa. Ka lura da fuskar mai amsawa. Idan ya jawo takarda ya lissafa maka ɗaya bayan ɗaya, alama ce mai kyau. Idan ya ce bari ya kira Duwala, ka san duk matsalarka nan gaba ta wannan waya za ta bi. Kai ka san hanyar: mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wata motar zuwa Duwala, ga masauki, ga abinci. Tafiya biyu irin wannan sun isa su cinye duk ragin cajin da aka yi maka romon baka da shi. Kai ko ba komai kana zuwa can da kaya. Uwargida fa?

Na biyu, ka kira lambar ofishin, ba ta wakilin ba, ranar Litinin da hantsi da ranar Juma'a da yamma. Ka yi magana da Hausa ko Fulatanci ka ga ko za a samo wanda zai amsa. Ba raini ba ne ga Faransancinka, iyalinka nake tunawa.

Na uku, takardar shekara. Doka ta ce kamfani ya sanar da mai zubi duk shekara nawa ya tara. Ka ce wa wakili ya haɗa ka da mutum biyu a kasuwar nan da suka shekara biyar suna zubi, ka tambaye su ko takardar tana zuwa ba tare da sun bi ta ba, ko kuma suna ganin lissafinsu a waya. In da hali ka nemi wanda ya taɓa karɓar kuɗinsa, ka ji kwana nawa ya yi yana sintiri. Bakin mutum ɗaya da ya karɓa ya fi takardar talla ɗari.

Na huɗu, hanyar biya, kuma a nan zan ba ka labarin da har yau yake ci mini rai. Wani kawuna, mahauci ne, ya shekara uku yana miƙa wa wani yaro mai karɓar zubi kuɗi a hannu, yaron yana yago masa rasit daga wani ɗan littafi mai kalar ruwan hoda. Kawu yana tara su a gwangwanin madara, ya ɗaure da roba. Da ya tashi aurar da 'yarsa muka ɗauki gwangwanin muka je ofis. Matar da ke kan kwamfuta ta juyo mana da allon: wata goma sha huɗu ne suka shiga, sauran babu su, kuma an daɗe da aika wasiƙar gargaɗi zuwa wani akwatin gidan waya da kawu bai taɓa mallaka ba. Rasit ɗin ba lamba, ba hatimin kamfani. Mun yi wata bakwai muna rubuce-rubuce kafin a sasanta a kan wani abu. Tun daga ranar ba na yarda kowa nawa ya ba wakili tsabar kuɗi. Ka biya ta banki, ko ta Orange Money ko MTN MoMo kai tsaye zuwa lambar kamfanin, wadda sunansa zai fito a saƙon, ka kuma tambaya wa ke ɗaukar kuɗin turawa, kai ko su. Ka tabbatar lambar wayarka ce a fayil, ba ta wakili ba.

Sai maganar takardu, wadda ta fi kowace jinkirta biyan mutanenmu a arewa, a kamfani ne ko a CNPS. Katin ɗan ƙasa ya ce Aboubakar, takardar haihuwa ta ce Boubakary, yarjejeniya ta ce Abakar, kuma duk mutum ɗaya ne. Wani takardarsa "an haife shi wajen shekara kaza" ta ce, ba rana ba wata. Mai biyan kuɗi a Duwala bai san ka ba, harafi yake bi. Ka sa a rubuta sunanka daidai da na katinka, harafi da harafi, ka duba kafin ka sa hannu. Auren da aka ɗaura a masallaci, da waliyyai da shaidu da goro, aure ne a wurin Allah da wurin jama'a, amma ranar neman fanshon mamaci takardar aure ta magajin gari za a tambaya. Na ga mata da suka shekara talatin a ɗakin miji suna tsaye a taga ba su da abin nunawa. Ka yi wa kowace mata takardarta, ka yi wa kowane yaro takardar haihuwa, tun kana da ƙafar zuwa.

A yarjejeniyar kamfani akwai layin da ake rubuta wanda zai karɓi kuɗin idan ka rasu. Kada ka bari wakili ya cike shi da ka. A doka, kuɗin da aka rubuta wa wani da suna nasa ne, ba ya shiga cikin dukiyar gado. Idan nufinka a raba shi yadda shari'a ta tsara, ka zauna da malaminka ku daidaita yadda za a rubuta da abin da za ka bar wa iyali a rubuce, don kada kuɗin tsufanka ya zama abin da zai raba 'ya'yanka.

Tunda na ambaci malam, na san akwai tambayar da ba ka rubuto ba amma tana ranka. Ƙarin da aka yi alkawarinsa tun farko kuɗin ruwa ne, kuma galibin kuɗin masu zubi bashi ake ba gwamnatoci da bankuna da shi. Ni ba mai fatawa ba ne, aikina in faɗa maka yadda abin yake don ka kai wa wanda ya sani cikakken bayani. CIMA ta fitar da ƙa'idar inshorar Musulunci, takaful, a 2019, don haka kana da damar tambayar kowane kamfani ko yana da wannan sashe. Idan ya ce yana da shi, jadawalin nan na shekara takwas da tambayoyin caji ba su faɗi ba, sunan Larabci ba ya rage kamasho.

Akwai wasu hanyoyin da zan ambata a gurguje. Asusun ajiya na banki ba shi da cajin shiga, kuma asusun lamunin FOGADAC yana kare har miliyan 5 ga kowane mai ajiya idan banki ya durƙushe, amma ƙarinsa kaɗan ne kuma hannunka yana kai wa gare shi kullum, wanda shi ne babban aibinsa ga kuɗin tsufa. Akwai asusun zuba jari na haɗaka da COSUMAF, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ke ba lasisi, suna bayyana cajinsu da darajar kaso a fili, sai dai ba su lamunce maka uwar kuɗi ba, kuma harkarsu ta fi yawa a Duwala da Yawunde. Adashi kuwa na jari ne da biki, ba na shekara ashirin ba. Abokan fataucinka na Kusiri da Njamena su sani dokar kamfanonin ɗaya ce a tsallaken kogi, amma CNPS ta Chadi hukuma ce dabam da nata kason da nata sharuɗɗan.

To wanne za ka ɗauka cikin biyun? A kan alƙaluman da ka aiko kawai, kuma idan da gaske za ka kai shekara ashirin, na farko ya fi araha duk da cajinsa ne ya fi tsoratarwa a kunne. Idan kana jin kafin shekara bakwai za ka buƙaci kuɗin, na biyu ne, ko da yake mai wannan niyya gara ma ya bar kuɗinsa a banki. Zan sauya ra'ayi nan take idan jadawalin na farko ya nuna rami a shekara ta 2 da ta 3, ko ya ƙi zubin ganin dama, ko ya zama ba shi da mai sa hannu a arewa alhali na biyu yana da shi. Kuma cajin shiga abin ciniki ne, musamman ga mai zuba dunƙule. Ka taya, kamar yadda ake taya maka buhu.

Idan kuma ka riga ka sa hannu da ɗayansu kafin amsar nan ta same ka, duba ranar da ka yi biyan farko. Doka ta ba ka kwana 30 daga wannan rana ka janye a mayar maka da kuɗinka. Ka rubuta wasiƙa, ka aika ta hanyar da za a ba ka shaidar karɓa, ko ka kai ofis da kanka a buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata. Idan aka yi maka shiru, sashen kula da inshora na Ma'aikatar Kuɗi a Yawunde shi ne wurin kai ƙara, kuma wannan kwafin mai hatimi shi za su fara tambaya.